Babi na Biyar: Farashin Gidan Sauro

Duk inda aka zauna shawarar raba wa jama'a wani abin kiwon lafiya, sai wani ya ce abin kyauta ba a ganin darajarsa. Za ka ji maganar a bakin jami'in ma'aikatar lafiya, ka ji ta a bakin mai unguwa, har ma a bakin malamar asibitin da za ta yi rabon. Masu faɗar ta ba mugunta suke nufi ba, abin da suka gani suke faɗa. Sun ga an zagaye irin barkono da gidan sauro a fadama, sun ga an ɗaure harawa da shi, sun ga yara sun mai da shi ragar ƙwallo. Shi ya sa suke cewa a sa ɗan kuɗi ko da kaɗan ne, don wanda ya zaro daga aljihunsa shi ne zai ɗaura abin ya kwana a ciki.

Maganar ba ta tsaya a bakin mutane ba, ta taɓa zama manufar gwamnatocin nahiya guda. A shekarun 1980 bashi ya yi wa ƙasashen Afirka katutu, asibitocin gwamnati suka koma sai gini da ma'aikata, wani wurin ko auduga babu. Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗi daga marasa lafiya. A watan Satumban wannan shekara ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da wani tsari: a kawo magani mai sauƙin kuɗi, a sayar wa jama'a da 'yar riba, abin da aka tara a sake sayo wani, kwamitin mutanen gari kuma ya sa ido. Tsarin ya yi nasa amfanin, domin a wurare da dama magani ya dawo kan kanta bayan an daɗe ba a gan shi ba. Amma littafin asibiti waɗanda suka zo kaɗai yake rubutawa. Uwar da ta tsaya a gida da yaro yana zazzaɓi saboda ba ta da kuɗin kati, babu shafin da sunanta yake. An shekara kusan ashirin ana muhawara a kan wannan, kowane ɓangare da labaran da suka dace da ra'ayinsa.

A 2007 wasu masanan tattalin arziki biyu, Jessica Cohen da Pascaline Dupas, suka kai maganar inda za a iya auna ta. Sun zaɓi asibitocin awon ciki 20 a yammacin Kenya, yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. Huɗu aka bar su yadda suke don kwatance. Sauran 16 aka jefa musu ƙuri'a: wannan zai ba duk mai cikin da ta zo awo gidan sauro mai magani kyauta, wancan zai sayar a kan shilin 10, wani 20, wani 40. Ƙuri'ar nan ce ta ba binciken ƙarfinsa. Da masu binciken ne suka zaɓa da hannunsu, sai a ce sun kai kyautar ƙauyen talakawa, sun kai na kuɗin garin masu hali, don haka bambancin daga mutanen yake. Amma ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba. Idan aka ga bambanci, daga farashin ya fito.

A lokacin, ainihin kuɗin gidan sauron ya kai kusan dala 6. Shilin 40 kuwa santi 60 ne na dala, wato an riga an ɗauke wa matar kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Duk da haka, inda aka ce kyauta ne kusan kowace mace ta karɓa, inda aka ce shilin 40 kuma kimanin mata 60 cikin kowace 100 suka koma gida hannu rabbana. Kuma wannan farashi yana ƙasa da shilin 50 ɗin da ake sayar wa masu ciki da shi a asibitocin Kenya a wancan zamani, wanda ake kira mai rangwame.

Masu ra'ayin a biya suna da amsa biyu a shirye. Ta farko, waɗanda suka juya da ma ba za su yi amfani da shi ba, don haka an huta da asara. Sai aka bi matan har gida bayan wasu makonni, aka nemi izinin shiga ɗaki, aka duba ko gidan sauron yana rataye bisa gado ko yana cikin ledarsa a ƙasan akwati. Ba a ga alamar cewa wadda ta biya ta fi wadda aka ba kyauta ɗaura shi ba. Amsa ta biyu ita ce farashi yana tace mutane, wadda ta fi buƙata ita za ta daure ta biya. Wannan ma an auna ta, domin an gwada jinin matan, kuma ƙarancin jini ga mai ciki a irin wannan yanki babbar alama ce ta maleriya. Waɗanda suka biya ba su fi sauran masu zuwa awo ƙarancin jini ba. Abin da farashin ya tace shi ne wadda take da shilin 40 a ƙullin zaninta ranar da ta zo. An buga sakamakon a 2010.

Saura tsoro na uku, wanda ni ma na fi jin nauyinsa: idan ka saba wa mutum da kyauta, gobe ba zai yarda ya saya ba. Dupas ta koma yammacin Kenya, gundumar Busia, ta gwada wannan da gidaje sama da 1,000. Wasu aka ba su sabon samfurin gidan sauro kyauta ko da rangwame mai yawa, wasu aka sa musu tsada. Bayan shekara guda aka dawo aka yi wa kowa tallar na biyu a farashi ɗaya. Waɗanda suka samu na farko cikin sauƙi ba su noƙe ba, sun ma ɗan fi sauran saye. Sun kwana a ciki shekara guda, sun san abin da yake yi.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya wuce na ciniki shi ne aikin da gidan sauron yake yi. Tun a 1996 binciken da Fred Binka ya jagoranta a Navrongo, arewacin Ghana, ya nuna gidan sauro mai magani ya rage mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin 100. Daga baya a yammacin Kenya aka gano cewa gidajen da ba su da shi, amma suna tsakanin mita 300 da ƙauyen da kowa yake da shi, su ma sun samu kariya, saboda maganin da ke jikin ragar yana kashe sauron da zai tsallaka katanga. Ke nan matar da ta juya saboda shilin 40 ba ita kaɗai ta yi asara ba, har da jaririn maƙwabciyarta. A watan Agustan 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce a raba gidan sauro kyauta ko da rangwame mai yawa ga duk wanda ke zaune inda cutar take. A Nijeriya, daga Kano aka fara babban rabon gidan sauro a 2009. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun ƙiyasta a 2015 cewa daga 2000 zuwa wannan shekara an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta.

Ba a kan gidan sauro kaɗai aka ga haka ba. A Busia ɗin dai, Michael Kremer da Edward Miguel sun bi makarantun firamare 75 inda ake ba yara maganin tsutsar ciki. Da aka sa kuɗi kimanin santi 30 a kan kowane yaro, masu shan maganin suka faɗo daga kashi 75 zuwa kashi 19 cikin 100. Masana sun yi ta cacar baki, musamman a 2015, kan girman amfanin maganin tsutsa ga karatun yaro da girman jikinsa, kuma gardamar ba ta mutu ba. Amma abin da farashi ya yi wa yawan masu sha ba ya cikin abubuwan da aka yi jayayya a kansu.

Me ya sa kuɗi kaɗan haka yake korar mutane da yawa haka? Wanda ya san yadda mace take fita awo a garuruwanmu ba zai sha mamaki ba. Da safe maigida ya ƙirga mata kuɗin mota zuwa da dawowa, da na kati, daidai wa daida. Ta yi layi tun hantsi, goyo a baya, wani a ciki. Da aka zo kanta malama ta ce akwai gidan sauro mai kyau, naira kaza ne kawai. Ta kwance bakin mayafi ta duba, ta san idan ta taɓa wannan kuɗi da ƙafa za ta koma. Sai ta ce, "Malama, a ajiye mini, in Allah ya kai mu wani awon zan zo da kuɗin." Kafin wani awon sai ta tambayi maigida, shi kuma ranar da ta tambaya ana neman kuɗin cefane, kuma babu wanda yake kwance a gidan. Nan ne rigakafi yake shan kaye. Yaron da ke suma da zazzaɓi za a sayar da akuya a kai shi asibiti cikin dare. Zazzaɓin da bai zo ba tukuna ba ya tayar da kowa daga barci, kullum ana iya ɗaga maganarsa zuwa gobe.

Sai dai masu cewa a biya ba a kan komai suka yi kuskure ba, kuma ba adalci ba ne a ɓoye hakan. A Lusaka, babban birnin Zambiya, Nava Ashraf da James Berry da Jesse Shapiro sun bi gida-gida suna tallar ruwan kulorin da ake ɗiga wa ruwan sha. Dabarar da suka yi ita ce a faɗa wa mace farashi, idan ta yarda za ta saya, sai a ba ta rangwamen ba-zata, wata ma a bar mata kyauta. Da haka suka raba abu biyu da aka saba cakuɗawa: niyyar biya, da biyan kansa. Sun samu cewa waɗanda suka yarda da farashi mai tsada sun fi sa kulorin ɗin a ruwan shansu, wato a nan farashi ya tace masu amfani da shi da gaske. Amma fitar kuɗin daga hannu bai sa mutum ya ƙara kula da abin ba. Kulorin kuma ba kamar gidan sauro ba ne. Yana sauya ɗanɗanon ruwa, wasu ba sa son warinsa, kuma ana iya wanki da shi. Idan ka ajiye wa kowa kwalba a ƙofar gida, da yawa za ta ƙare a bahon wanki.

Maganin wannan ya fito a wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2016, na Dupas da Kremer da abokan aikinsu Vivian Hoffmann da Alix Zwane. Maimakon kuɗi, sai aka ba iyaye mata 'yan tikitoci, kowane wata mace ta kai ɗaya wani kanti da ke kusa ta karɓi kwalba kyauta. Wadda ba ta damu da abin ba, ba za ta yi tattakin ba. Kulorin ɗin da aka fitar ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100 idan aka kwatanta da rabon kai-tsaye, amma gidajen da aka gwada ruwan randarsu aka tarar da kulorin a ciki, da ɗigo ɗaya kawai cikin 100 suka ragu. An tace masu ɓarna ba tare da an kori talaka ba, domin abin da aka nema a wurinta 'yar tafiya ce, ba kuɗin da ba ta da shi ba. A 2022 kuma Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, ya haɗa gwaje-gwajen tsaftace ruwan sha da aka yi a ƙasashe daban-daban tare da tawagarsa ta Jami'ar Chicago. Ƙiyasinsu shi ne tsaftace ruwa yana rage haɗarin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Idan aka bar rigakafi aka shiga maganin cuta, lamarin yana ƙara sarƙewa. Cohen da Dupas, tare da Simone Schaner, sun gwada rage kuɗin sabon maganin maleriya a kantunan magani na Kenya. Rangwamen ya sa mutane da yawa sun samu magani mai aiki maimakon tsofaffin da ƙwayar cutar ta daina jin su. Amma kusan rabin ƙwayoyin da aka rangwanta sun tafi cikin mutanen da gwajin jini ya nuna ba su da maleriya, galibinsu manya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis ya ji mutum ya ce "a ba ni na maleriya da taifot" ba tare da an ɗiga jininsa ba, ya san wannan matsala. Gyaranta shi ne gwajin ya zama mai sauƙi kuma kusa, a haɗa rangwamen da shi.

Ko a Amurka, inda aljihu ya fi nauyi, abin da aka gani bai yi nisa da wannan ba. Babban gwajin inshorar lafiya da cibiyar RAND ta yi daga 1974 zuwa 1982 ya nuna cewa idan aka sa mutane su biya wani kaso, suna rage zuwa asibiti, amma ba sa bambance zuwan da ya zama dole da wanda bai zama ba, duka suke ragewa. A 2024 Amitabh Chandra na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa biyu suka buga bincike a kan tsofaffin Amurka masu inshorar gwamnati. Da kuɗin da suke biya daga aljihu ya ƙaru, sun daina sayen magunguna irin na hawan jini da na kitsen jini, har da waɗanda suka fi kowa haɗarin bugun zuciya, kuma mutuwa ta ƙaru a cikinsu.

To, a cire kuɗin ke nan a huta? Da abin ya tsaya nan da babin ya ƙare. A gundumar Dangme ta Yamma a Ghana, Evelyn Ansah da abokan aikinta sun yi gwaji da yara sama da 2,500, aka biya wa rabinsu kuɗin asibiti gaba ɗaya. Iyayen sun ƙara kai su asibiti, sun rage zuwa wurin masu sayar da magani na bakin hanya, amma da aka gwada jinin yaran a ƙarshen damina ba a ga bambanci a ƙarancin jini ba. Buɗe ƙofa ba ya wadatarwa idan abin da ke bayan ƙofar bai taka kara ya karya ba. Ƙasar da ta fi koya mana wannan darasi, da daɗinsa da ɗacinsa, ita ce Nijar.

A zamanin Shugaba Mamadou Tandja, tsakanin 2005 da 2006, gwamnatin Nijar ta ayyana cewa haihuwa ta hanyar tiyata, da awon ciki, da duk maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun zama kyauta. Wannan ya zo a kan ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 da aka gina a karkara. Iyaye mata suka yi ta tururuwa da yara. A 2012 mujallar The Lancet ta buga binciken Agbessi Amouzou na Jami'ar Johns Hopkins tare da masanan ƙididdiga na Nijar, wanda ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin kowace haihuwa 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Sun ƙiyasta cewa a 2009 kaɗai an tsirar da yara kusan 59,000, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi gidan sauro ne sanadinsa. Sauran ya fito daga kula da tamowa, da sinadarin bitamin A, da allurar rigakafi, da saurin kai yaro asibiti idan ya kamu da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon haƙarƙari. Ƙasar da take cikin mafiya talauci a duniya ta yi abin da maƙwabtanta masu arziki ba su yi ba a wannan tsakani, kuma ya kamata a riƙa faɗar haka da babbar murya.

Amma masu binciken cibiyar LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin Jean-Pierre Olivier de Sardan, tare da Valéry Ridde, ba su tsaya ga alƙaluma ba. Sun shiga asibitocin sun zauna, sun kalli yadda kyautar take tafiya a hannun ma'aikata. Tsarin shi ne asibiti ya duba yaro, ya ba shi magani daga kantarsa, ya cike takarda, a ƙarshen wata ya tattara takardun ya aika sama, gwamnati ta biya shi. Takardun suna tafiya, kuɗin ba ya dawowa sai bayan watanni, wani lokaci shekaru, har bashin da asibitoci ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa. A da, kuɗin da iyayen yara ke biya shi ne ake juyawa a sayo magani, kuma yara su ne mafi yawan masu zuwa. Da wannan kuɗi ya tsaya, na gwamnati kuma bai iso ba, sai kanta ta bushe. Ma'aikacin da ke gaban uwa ba shi da abin ba ta sai takardar magani, ta je ta saya a waje da tsadar da ta fi ta da. Ita kuma ta ji a rediyo an ce kyauta ne, don haka a ganinta shi ne ya ɓoye maganin. Masu binciken sun nuna an yanke shawarar ne cikin gaggawa, ba a ƙididdige abin da za ta ci ba, ba a kuma tanadi hanyar biya ba. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne amanar da ta lalace tsakanin uwa da ma'aikacin lafiya, mutum biyu da babu mai laifi a cikinsu.

Burkina Faso ta kalli abin da ya faru da maƙwabciyarta. Da ta ƙaddamar da nata shirin kyauta ga mata masu ciki da ƙananan yara a 2016, sai ta juya tsarin: a tura wa asibitoci kuɗin tun kafin su yi aikin, daga baya a bi takardu a daidaita lissafi. Ita ma ta sha fama da jinkiri daga baya, amma ta gane inda gizo yake saƙa.

Akwai wani shiri da iyaye a Katsina da Maraɗi da Zinder suka sani da idonsu, wanda ya nuna yadda abin yake idan an haɗa kyauta da biya a kan lokaci. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin maleriya sau ɗaya a wata a tsawon damina, a yankin Sahel inda cutar take zuwa da ruwan sama. An fara a Katsina da wasu gundumomin kudancin Nijar a 2013. Ma'aikata biyu ne suke sallama a ƙofar gida, galibi mata 'yan unguwar, ɗaya da jakar magani, ɗaya da kati. A narka ƙwayoyin ranar farko a cokali da ɗan ruwa, a ba yaro a gabansu, a ɗan jira a ga ko zai yi amai. Na kwana biyun da suka rage a bar wa uwa, a nuna mata yadda za ta ba shi, a yi alama da alli a jikin bango, a wuce gida na gaba. Ba kuɗin mota, ba layi, ba sai an jira maigida ya dawo ba. Binciken da aka buga a The Lancet a 2020, wanda masanan makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka jagoranci auna sakamakonsa a ƙasashe bakwai har da Nijeriya da Nijar da Chadi, ya samu cewa abin da ake kashewa a kan yaro ɗaya a shekara bai kai dala 4 ba. Mutuwar yara da maleriya a asibitoci lokacin damina ta ragu da kashi 42 cikin 100 a Burkina Faso, da kashi 57 a Gambiya. A 2023 yara sama da miliyan 50 ne suka sha wannan magani, fiye da rabinsu a Nijeriya.

Sai dai mafi yawan kuɗin gidan sauro da na maganin damina daga waje yake zuwa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, a watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID. Wani hasashe da aka buga a The Lancet a tsakiyar shekarar ya ce idan yankan ya ɗore, ana iya samun ƙarin mutuwar mutum sama da miliyan 14 kafin 2030, miliyan 4.5 daga ciki ƙananan yara. Hasashe ne, kuma ya dogara ga abin da gwamnatoci za su yi. Majalisar Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin. Amma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, ita kanta kason lafiya a kasafin tarayyarta yana yawo ne tsakanin kashi 4 da 6. Fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin.

A irin wannan matsi maganar nan ta a sa ɗan kuɗi za ta dawo teburin shawara, kuma za ta zo da kamar hankali. Wanda zai kawo ta a kan gidan sauro, ko allurar rigakafi, ko kulorin, ko maganin damina, ya kamata a ajiye masa alƙaluman yammacin Kenya a gabansa, ya faɗi da bakinsa mata nawa cikin 100 ya yarda su koma gida ba tare da shi ba. Wanda kuma zai hau mumbari ya yi shelar kyauta, kamar yadda aka yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a Nijeriya a Nuwamban 2024, a tambaye shi daga wane asusu za a biya, kuma a wane wata kuɗin zai isa asibitin. Maganin damina ana fara rabonsa ne a Yuni ko Yuli, kuma sai an yi odarsa daga masana'anta watanni da yawa kafin nan, a yi jigilarsa ta ruwa, a kai shi ɗakunan ajiya na jihohi, a horar da masu rabo. Kasafin da aka sa wa hannu a Janairu amma aka saki kuɗinsa a Satumba ba zai kai ƙwaya ɗaya bakin yaro a wannan daminar ba.